Tarihin Kula da Yara Masu Tangarɗar Motsi a Ƙasar Kabi: Daga Wasannin Dandali Zuwa Wasannin Bidiyo

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan masana jiyyar gaɓoɓi sun yi ta muhawara a kan wata tambaya. Yaron da hannunsa da ƙafarsa ba sa bin umarninsa yadda ya kamata, wanne ya fi yi masa amfani: a tsayar da shi gaban akwatin talabijin ya yi wasan bidiyo mai motsa jiki, ko kuwa a ci gaba da horar da shi ta hanyar da aka saba a asibiti? Muhawarar ta taso ne daga Turai da Amurka da Ostareliya, ta kuma iso Afirka ta Kudu. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna ta da ma'aunin tarihinmu, mu ɗauki ƙasar Kabi, musamman Birnin Kebbi da Argungu, a matsayin misali.

Abin da muke son nunawa shi ne, a kowane zamani jama'armu sun fi mai da hankali ga yaron da naƙasarsa ta fito fili, suka bar wanda tasa ta ɓuya yana shan faɗa da ba'a. Za mu kuma nuna cewa abin da binciken zamani ya gano yana gyara motsin irin wannan yaro, watau maimaita aiki na zahiri cikin nishaɗi, abu ne da dandalinmu ya daɗe da shi, sai dai da wani giɓi babba wanda na'ura ta zo ta tona. Za mu bi zancen daki-daki, daga zamanin da ya gabaci Turawa, zuwa zamanin asibiti, zuwa na kwamfuta.

2.0 Yara Uku da Akan Haɗa Wuri Guda

Kafin mu shiga tarihi, wajibi ne mu rarrabe larurori uku waɗanda sau da yawa akan cakuɗa.

Ta farko ita ce shan inna. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da ya gurɓata da bayan gida. A jikin kaɗan daga cikin waɗanda suka kamu takan kai ga lakar ƙashin baya, ta lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, sai ƙafa ta saki, ta ƙanƙance.

Ta biyu ita ce shanyewar gaɓoɓi saboda taɓuwar ƙwaƙwalwa tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. Doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani ga jariri, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, duk suna jawo ta. A nan galibi tsoka sandarewa take yi.

Ta uku ita ce muka laƙaba wa suna tangarɗar motsi. Yaro ne lafiyayye a ido, ƙafarsa ba ta shanye ba, hankalinsa daidai, wani lokaci ma ya fi tsaransa kaifin basira. Amma ga shi kullum cikin tuntuɓe. In an aike shi da ƙwarya sai ya zubar, in an jefa masa abu ba ya cafewa, saka maɓalli aiki ne a gare shi, rubutunsa kuma kamar tafiyar kaza. Ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wahala wajen tsara motsi da koyon sabo. Masana sun ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta suna da wannan larura, maza sun fi yawa, haka ma waɗanda aka haifa bakwaini. Bisa ga wannan ƙiyasi, ajin da ke da yara 60 ba zai rasa kamar uku ba. Wannan yaro na uku shi ne jigon takardarmu, amma ba za a fahimci tarihinsa ba sai an bi ta kan na 'yan'uwansa biyu.

3.0 Kafin Zuwan Turawa

3.1 Masu Magani

Ƙasar Kabi tsohuwar daula ce tun zamanin Kanta a ƙarni na 16. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi a 1805, ƙasar ta rabu biyu: Gwandu a gefe guda, Kabawan da suka kafa sarautarsu a Argungu a ɗaya gefen. Amma ta fuskar magani al'adar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce da ta sauran ƙasar Hausa. Akwai malamai masu rubutu da addu'a, akwai wanzamai masu ƙaho da tsaga, akwai maɗora masu gyaran karaya da targaɗe, akwai ungozomomi, akwai masu saiwa da sassaƙe, akwai kuma 'yan bori. Shugabannin jihadi su kansu sun yi rubutu a kan lafiyar jiki. Malam Abdullahi ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a kan ilmin magani.

Sunan shan inna kansa tarihi ne. Ya samo asali daga imanin cewa wata aljana, Inna, wadda kuma ake kira Doguwa, ita ke shanye ƙafar yaro. Saboda haka wurin masu iskoki ko wurin malamai akan nufa da shi. Yaro na biyu, wanda ya ƙi zama ya ƙi rarrafe, shi ma akan danganta lamarinsa ga iskoki, har a wasu wurare a ce masa ɗan ruwa. Ko da magani bai ci ba, wanda ya rayu da gurguntaka yana da matsayi sananne a cikin al'umma. Akwai haƙƙinsa na sadaka, a manyan garuruwan Hausa ma har da sarkin guragu, kamar yadda ake da sarkin makafi.

Yaro na uku kuwa ba shi da suna a wurin kowane mai magani. Kalmomin da harshenmu ya tanadar masa duk na zargi ne: rago, sakarai, mai sanyin jiki, mai nawa, mai ganganci. Kowace daga cikinsu hali take nunawa, ba ciwo ba, hali kuwa a wurinmu da tsawa da bulala ake gyara shi.

3.2 Gida da Dandali

Duk da haka, rayuwar yau da kullum ta tanadi wani horo wanda ba a ɗauke shi magani ba. Tun jariri yana ɗanye ungozoma ko kaka kan yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta tausa shi, ta miƙe masa gaɓoɓi. Goyo kan koya masa riƙe wuya. In ya fara tsayuwa yayyensa su kama hannunsa suna yi masa tata. Da ya tasa sai aiki ya karɓe shi. Yarinya na koyon ɗaukar tulu a kan gammo, da daka, da shiƙa, da tankaɗe. Yaro na koyon riƙon fartanya a fadamar shinkafa, da kiwo, da feƙe alƙalami da rubutu a allo.

A bakin gulbi abin ya fi haka. Ɗan masunci a Argungu yakan tashi da iyo, da kwanciya a kan gora yana tuƙa kansa, da tsayuwa cikin kwalekwale yana tangaɗi ba tare da ya kife ba. Wasannin ruwa da ake kira kabanci, irin su nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, waɗanda baƙi ke kallo a lokacin bikin kamun kifi, gwaninta ce da aka tara tun ƙuruciya. Bikin nan ya ɗauki siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Sai kuma dandali. In muka dubi wasanninsa da idon mai jiyya za mu ga kowanne da abin da yake horarwa. Langa tsayuwa ce da tsalle a kan ƙafa ɗaya, ana riƙe da ɗayar, ga kuma abokin hamayya yana ture ka. 'Yar gala-gala tsalle ne mai awo cikin gidajen da aka zana a ƙasa. Carafke haɗa ido ne da hannu: a jefa dutse sama, a kwashi na ƙasa, a cafe na sama kafin ya sauka. Gaɗa na koyar da tafi a kan ƙa'ida da sakin jiki ga ƙawaye. Kokawa na koyar da kafa ƙafa da sanin inda nauyin jiki ya karkata.

Amma a nan ne giɓin yake. Kusan duk waɗannan wasanni an gina su a kan fitarwa. Wanda ya saki ƙafa a langa ya fita. Wadda dutse ya kuɓuce mata a carafke ta miƙa wa ta gaba. Ke nan gwani shi ke daɗewa yana yi, yana ƙara gwanancewa, mai rauni kuwa, wanda ya fi kowa bukatar maimaici, shi ke fara komawa gefe. In aka zo rabon 'yan wasa shi ne na ƙarshen ɗauka. Yau da gobe sai ya daina zuwa. Dandali makaranta ce mai kyau ga yara 95, ga sauran biyar ɗin kuwa wurin shan kunya ne.

4.0 Zamanin Asibiti da Gashin Ƙashi

Ilmin jiyyar gaɓoɓi na zamani, wanda jama'armu ke kira gashin ƙashi, ya bunƙasa ne a ƙasashen Turawa saboda abu biyu: sojojin da suka naƙasa a yaƙe-yaƙen duniya, da annobar shan inna da ta addabi Turai da Amurka a rabin farko na ƙarni na 20. Da fari akan ɗaure ƙafar da ta shanye da karare ko filasta a hana ta motsi. Wata ma'aikaciyar jiyya 'yar Ostareliya, Elizabeth Kenny, ta yi jayayya da wannan a shekarun 1930 da 1940, ta nace a kan gasa tsoka da tsumma mai zafi da sake koya mata motsi. A Landan kuma, tun daga shekarun 1940, Berta Bobath da mijinta Karel suka tsara hanyar jiyyar yara masu sandarewar gaɓoɓi, wadda ta yaɗu a duniya.

A Nijeriya sana'ar ta shigo a 1945, lokacin da aka kawo Turawa biyu masu wannan ilmi asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. An kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, dokar kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista kuma ta fito a 1988. In aka lura za a ga cewa duk waɗannan cibiyoyi suna nesa da kwarin Rima. A Birnin Kebbi babban asibitin da jama'a suka dogara da shi tun shekarun 1950 shi ne wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'an nan aka sami Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kebbi a 2000.

Mai gashin ƙashi a irin waɗannan asibitoci, su wa ke cika masa layi? Mai karaya, da mai shanyewar ɓarin jiki, da yaro mai shan inna, da wanda allura ta taɓa wa jijiyar ƙafa, da wanda sanƙarau ya bari da rauni. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. A cikin irin wannan hali babu uban da zai biya kuɗin mota daga ƙauye don ya ce ɗansa ba ya iya cafe ƙwallo.

Makarantar boko ce ta fara fito da yaro na uku fili. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, kowa da fensir a hannu, ana bukatar ya kwafi abin da ke kan allo kafin a goge. Yaron da a gona za a iya sauya masa aiki, a aji ba shi da mafita. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin ilmi na musamman, amma makarantun da aka buɗe a ƙarƙashinsa sun fi karkata ga makafi da kurame da guragu. Mai mummunan rubutu sai ya ci gaba da zama rago a idon malaminsa.

5.0 Yaƙi da Shan Inna da Rawar da Argungu ta Taka

An sami rigakafin shan inna na allura a 1955, na ɗigo a baki kuma a farkon shekarun 1960. A 1988 Majalisar Lafiya ta Duniya ta ƙudurta kawar da cutar daga doron ƙasa. A wannan shekarar ce kuma Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shi kansa cutar ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake yi a kan allo mai taya. Wannan misali ne na yadda waɗanda abin ya shafa suka mai da wasa hanyar ƙarfafa jiki da neman mutunci, tun kafin a fara zancen na'ura.

Kowa ya san abin da ya faru a 2003, lokacin da jita-jita ta sa wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya taimaka wajen juya akalar lamarin shi ne shigowar sarakuna. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda daga baya shugabancinsa ya dawo hannun Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera. Ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni aka riƙa bin gida-gida. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka kuma ba Afirka shaidar rabuwa da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Wani nau'i da kan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci ya ci gaba da bayyana bayan wannan shekara a Kebbi da Sakkwato da Zamfara, don haka aikin bai ƙare ba.

Darasi biyu muka ɗauka daga wannan babi. Na farko, gwargwadon yadda yaro na ɗaya ke raguwa a layin asibiti, gwargwadon yadda fili ke samuwa a dubi na biyu da na uku. Darasi na biyu, an riga an gwada wata hanya da ke kai saƙon lafiya daga fada har ƙofar kowane gida, an kuma ga tana aiki.

6.0 Yadda Yaro na Uku ya Sami Suna

A ƙasashen Turawa ma an daɗe kafin a gane shi. Likitan Amurka Samuel Orton ya yi bayaninsa a 1937. A 1962 likitoci uku a Ingila, Walton da Ellis da Court, suka buga nazari a kan yaran da ba su da wata cutar jijiya da aka sani amma motsinsu ba ya daidaita. Sasson Gubbay na Ostareliya ya fitar da littafi sukutum a kansu a 1975. Larurar ta shiga kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1987, a 1994 kuma masana suka taru a lardin Ontariyo na Kanada suka amince da suna guda. Kafin nan, a 1991, wani nazari a Ingila da ya bi sawun irin waɗannan yara har shekara goma ya rushe zaton cewa girma kaɗai na warkar da su. Yawancinsu sun kai samartaka da larurarsu, ga kuma raunin zuciya da koma-baya a karatu da ta haifar.

Hanyar jiyya ita ma ta sauya. A shekarun 1970 ra'ayin Jean Ayres ta Amurka ya yi tashe, watau a gyara tushen matsalar ta hanyar lilo da mirgina da motsa gaɓoɓin ji, da fatan sauran ayyuka za su gyaru da kansu. Daga baya gwaje-gwaje suka nuna cewa an fi samun biyan bukata in aka nufi aikin kai tsaye. Mai son ya iya ɗaure takalmi a koya masa ɗaure takalmi, a rarraba aikin gaɓa-gaɓa, a sauƙaƙa shi, a riƙa tsananta shi sannu a hankali. A kan wannan aka gina hanyar da Helene Polatajko da abokan aikinta suka tsara a Kanada, inda yaro ke faɗin burinsa, ya tsara dabara, ya aikata, ya duba sakamako, da kuma wadda Bouwien Smits-Engelsman da Marina Schoemaker suka tsara a Holan. Wannan shi ne abin da muke nufi da jiyyar da aka saba a sauran wannan takarda.

7.0 Shigowar Wasan Bidiyo

Wajibi ne a bambanta wasan da ake magana a kai da wanda samari ke yi a shagunan gem na garuruwanmu, inda mutum ke zaune babban yatsa kaɗai ke aiki. A 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar Wii, wadda ke karanta motsin hannu. A 2007 ya ƙara mata Wii Fit, da wani faifai da ake takawa, mai ma'auni huɗu a kusurwoyinsa da ke gane inda nauyin mutum ya karkata. Kamfanin Microsoft ya biyo da Kinect a 2010, mai kyamarar da ke ganin jiki duka. Cikin wasannin faifan akwai tare ƙwallo da ka, da tafiya a kan igiya, da wani wanda mai wasa ke bin kogi yana karkata jiki don kada ya taɓa gaɓa. Wanda ya san Matan Fada zai ce ai wannan aikin ɗan masunci ne, sai dai babu ruwa.

Masu jiyya sun yi maraba da na'urar, aka shiga gwada ta. Gwajin da ya fi kusa da halinmu shi ne wanda Gillian Ferguson da abokan aikinta suka buga a 2013, daga makarantun unguwannin talakawa a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu. Yara 27 masu shekara 6 zuwa 10 sun yi horon ayyuka na zahiri na mako tara, wasu 19 kuma suka yi Wii Fit na mako shida. Duka ɓangarorin sun ƙaru, amma na farko sun fi samun ci gaba a gwanintar motsi da ƙarfin jiki da juriya. Ya kamata a lura cewa tsawon horon bai zo daidai ba, don haka ba a yanke hukunci da wannan kaɗai. A Ostareliya, Leon Straker da jama'arsa sun ba yara 21 na'urori su yi wasa a gida har mako 16. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna yaran sun ji a ransu sun ƙaru, amma awo bai nuna wani canji na a-zo-a-gani ba. A 2017 kuma Emmanuel Bonney da abokansa suka gwada hanyoyin biyu a kan 'yan mata 43 a Kef Tawun na mako 14, ƙarƙashin kulawar masu jiyya, suka tarar duka biyun sun amfanar kusan daidai.

In aka haɗa waɗannan za a ga hoto guda. Na'ura na amfani, musamman wajen daidaita tsayuwa, in akwai mai lura da ke zaɓar wasa yana ƙara masa wuya. In aka bar yaro da ita shi kaɗai amfanin kan ragu ƙwarai. Abin da aka koya a gaban talabijin kuma ba lalle ne ya bi yaro zuwa fili ba, domin ƙwallon cikin akwati ba ta da nauyi, ba a kuma jin ta a tafin hannu. Shi ya sa shawarwarin ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2019 ƙarƙashin jagorancin Rainer Blank suka sa horon ayyuka na zahiri a gaba, suka ajiye wasan bidiyo a matsayin mataimaki.

Akwai wani abu kuma da mai nazarin tarihi ba zai tsallake ba. An daina ƙera asalin Wii a 2013, Kinect kuma a 2017. Kafin masana su gama auna amfanin na'urorin, kasuwa ta riga ta wuce su. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

8.0 Abin da ya Dace da Ƙasar Kabi

To, mene ne sirrin na'urar da har yara suka so ta? Abu huɗu ne. Ba ta fitar da wanda ya faɗi, nan take take ba shi wata dama. Ba ta yi masa dariya. Tana farawa da mai sauƙi, ta ƙara wuya daidai ƙarfinsa. Tana kuma gwada shi da makinsa na jiya, ba da gwanin unguwa ba. Waɗannan huɗu su ne daidai abin da dandali ya rasa. Abin da na'ura ta rasa kuwa, watau dutse na gaske da ƙasa ta gaske da abokan wasa, shi ne dandali ke da shi a yalwace. Babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ke bukatar lantarki. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, a sake tsara wasanninmu domin ƙananan rukunoni na yara masu wannan larura, a cire dokar fitarwa. A langa yaro ya fara da dafa bango yana ƙirga daƙiƙoƙin tsayuwarsa, sa'an nan ya saki bango, sa'an nan ya yi tsalle a kan layi, ture ya zo daga ƙarshe. A carafke a fara da ƙullin yashi a tsumma, wanda ba ya gangarewa, kafin a koma dutse. A gala-gala a faɗaɗa gidaje, a riƙa rage su. Mai koyon ɗaukar kaya ta fara da ƙwaryar hatsi kafin ta ruwa. A rubuta makin kowane yaro, ya riƙa tsere da kansa.

Na biyu, a shigar da sanin wannan larura cikin horon malamai, alal misali a Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, da kuma horon ma'aikatan lafiya na matakin farko. Malamin aji shi ne mutum na farko da zai lura. Ya san cewa ba a saurin yanke hukunci kafin yaro ya kai shekara biyar, kuma likita ne zai tabbatar ba matsalar ido ba ce ko wata cutar jijiya. Yaron da gaɓarsa ta saki farat ɗaya kuwa, wannan asibiti za a garzaya da shi.

Na uku, inda asibiti ke da na'ura da wuta da mai kula, a yi amfani da ita, musamman ga yaron da kunya ta riga ta kore shi daga fili. Ta zama matakala ce da zai taka ya koma cikin tsaransa.

Na huɗu, hanyar nan ta sarakuna da ta kai ɗigon rigakafi gida-gida za ta iya kai wa iyaye magana guda: yaron da ke yawan zubar da abu ba da gangan yake yi ba, duka kuma ba ya ƙara masa komai sai tsoro. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da madogara, amma doka ba ta shiga tsakar gida sai an kai ta.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda a zamanin da aka danganta shan inna ga iskoki, aka ba gurgu matsayi, aka bar mai tangarɗar motsi da sunan rago. Mun ga yadda asibiti ya iso a makare, ya kuma shagala da larurorin da suka fi tsanani, da yadda makaranta ta fito da matsalar fili ba tare da ta gane ta ba. Mun kuma ga cewa gwaje-gwajen da aka buga tsakanin 2013 da 2017 ba su ɗora wasan bidiyo a kan horon ayyuka na zahiri ba, sun dai nuna ladubban koyarwa da ya kamata a ara daga gare shi.

Aikin da ke gaban masana tarihi da na al'ada shi ne su tattara wasannin yara na Kabi da Gwandu, na tudu da na ruwa, da dokokinsu da matakan koyonsu, daga bakin dattawan da suka yi su, tun da yake talabijin da wayar hannu suna ta rage wa dandali jama'a. Aikin masu jiyya kuma shi ne su zauna da malaman firamare su gwada waɗannan wasanni da awo, kamar yadda aka gwada na'ura a Kef Tawun, a ga wanne ke gyara tsayuwa, wanne ke gyara hannu, cikin mako nawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ake magana a kansu kuwa suna nan cikin azuzuwanmu a yau.